Rose Bowl: tsakanin Mishigan da Alabama, wa zai kai wasan ƙarshe?

Ranar Litinin 1 ga watan Janairun 2024, da ƙarfe 11 na dare agogon Nijar, ƙungiyoyin jami'o'in Mishigan da Alabama za su kara a filin Rose Bowl da ke garin Pasadena, kusa da Los Anjelas, a jihar Kaliforniya. Wasan kusa da na ƙarshe ne a gasar ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Wadda ta yi nasara za ta wuce birnin Hiyustan ranar 8 ga wata, inda za ta nemi kofin ƙasa da wadda ta fito tsakanin Washinton da Teksas.

A takarda, Mishigan ce gaba. Ita ce ta ɗaya a jerin ƙungiyoyin ƙasar, ta buga wasa 13 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Alabama ta huɗu ce, ta ci 12 ta faɗi 1, kuma da ƙyar ta samu shiga. Sai dai kowace ta zo da nata nauyin a kai. Ana zargin Mishigan da satar sirrin abokan hamayya, kuma shekaru biyu a jere tana faɗuwa a daidai wannan mataki. Ita kuwa Alabama ana cewa kujerar wata ƙungiya aka ba ta. Saboda haka ban da tikitin Hiyustan, kowace na neman abin da za ta rufe bakin masu suka da shi.

Yadda wasan yake

Wannan ba tamolar da aka sani ba ce. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, kuma da hannu aka fi yin aiki da shi. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, wato kamar mita 91, kuma a kowane ƙarshe akwai wani yanki da ake iya kira zango. Ƙungiyar da ke da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗu. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokiyar hamayya. Wanda ya kai ƙwallo zango ya samu maki 6, sannan a yi bugun ƙari na maki 1. In tafiya ta tsaya kafin zango, ana iya buga ƙwallo da ƙafa ta tsakanin sanduna biyu a samu maki 3.

Mutumin da komai ke ratsawa ta hannunsa shi ne wanda Amurkawa ke kira kwatabak, wato madugun ayari. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ya jefa wa masu cafkewa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. A gabansa akwai ƙarti biyar da ke yi masa katanga, a gabansu kuma akwai ƙartin ɗaya ɓangaren da ke son fasa ta. Abin da ke faruwa tsakanin waɗannan ƙarti ya fi kama da kokowa: wanda ya riga sa hannu, ya fi yin ƙasa da ƙugu, shi ke ture ɗan uwansa. Mafi yawan wasanni a nan ake cin su ko a faɗi.

Ƴan wasan ɗalibai ne, amma jama'ar da ke bayansu ba ta makaranta kaɗai ba ce. Filin Mishigan da ke garin An Arbo yana ɗaukar mutum 107,601, na Alabama da ke Taskalusa kuma ya ɗan haura 100,000. Yadda mutumin Maraɗi ko na Tawa ke ɗaukar ɗan kokowar jiharsa a gasar takobi, haka mutumin Alabama ke ɗaukar ƙungiyar jami'ar jiharsa, ko da bai taɓa zama a ajinta ba. A ƙarshen kowace shekara ana shirya wasanni fiye da 40 da ake kira bol, saboda filin da aka faro al'adar a cikinsa zagayayye ne kamar akushi. Rose Bowl ne babbansu a shekaru. An fara shi a 1902, kuma Mishigan ce ta ci na farko, ta lallasa Stanford da 49 da 0. Na bana shi ne karo na 110.

Mishigan: nasara 13 da dakatarwa biyu

Mai horar da Mishigan a kakar 2023, Jim Harbaugh, ɗan gida ne. Shi ne madugun ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1980, ya buga Rose Bowl a Janairun 1987 inda suka faɗi a hannun Arizona State. Ya dawo a matsayin koci a 2015, bayan ya kai ƙungiyar San Francisco ta ƙwararru wasan ƙarshe na Super Bowl. Cikin wasanni 12 na kakar bana kafin wasan kofin rukuni, 6 kawai ya tsaya a bakin fili. Jami'ar da kanta ta dakatar da shi wasanni uku na farko, kan zargin karya dokar zawarcin ƴan wasa a lokacin korona. Sannan ranar 10 ga Nuwamba hukumar rukunin Big Ten ta ƙara dakatar da shi wasanni uku na ƙarshe.

Dakatarwa ta biyu ita ce mai nauyi. A kakar 2023, a wasan jami'o'i babu na'urar magana a cikin hular madugu kamar yadda ake da ita a gasar ƙwararru, don haka da alamun hannu da alluna ake aika umarni daga bakin fili. Doka ba ta hana koci ya yi ƙoƙarin gane alamun abokin hamayya ana cikin wasa ba. Abin da ta hana tun 1994 shi ne aika mutum filin wasan wata ƙungiya da za a kara da ita nan gaba domin ya leƙo asirinta. Ana zargin wani ma'aikacin Mishigan da saya wa mutane tikiti domin su ɗauko masa hotunan alamun ƙungiyoyi da yawa. Ma'aikacin ya ajiye aiki. Harbaugh ya ce bai san da zancen ba, kuma Big Ten ta ce ba ta da hujjar cewa ya sani, jami'ar take hukuntawa. A ƙarshen 2023 binciken hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa bai ƙare ba.

Abin da magoya bayan Mishigan ke kafa hujja da shi shi ne, manyan nasarorin ƙungiyar sun zo ne bayan asiri ya tonu, kowa ya canza alamunsa, kuma kocin ba ya nan. A ƙarƙashin mataimakinsa Sherrone Moore ta doke Penn State da 24 da 15 a gidanta, ta doke Maryland da 31 da 24, nasarar da ta zama ta 1,000 a tarihin jami'ar, ta kuma doke babbar abokiyar gabarta Ohio State da 30 da 24, karo na uku a jere. Da Harbaugh ya dawo, ta ci Iowa da 26 da 0 ta ɗauki kofin rukuni.

Masu shakka kuwa suna duban jadawali. A wasanni tara na farko Mishigan ba ta haɗu da ƙungiyar da za ta sa ta gumi ba, babu ma wadda ta ci ta fiye da maki 13. Suna kuma tuna abin da ya faru da ta fita daga rukuninta a baya. A Disambar 2021 Jojiya ta yi mata 34 da 11. A Disambar 2022 TCU, wadda kowa ya raina, ta fitar da ita da 51 da 45. Kafin wannan wasa, rabon Mishigan da cin wasan bol tun 1 ga Janairun 2016, ta faɗi shida a jere. A lokacin, rabonta da kofin ƙasa kuwa tun 1997, shi ma raba shi ta yi da Nebraska.

Alabama: daga raini zuwa Pasadena

A tsakiyar Satumba ba kowa ne zai sa Alabama cikin huɗun ƙarshe ba. Ranar 9 ga watan Teksas ta zo har Taskalusa ta doke ta da 34 da 24. Koci Nick Saban ya ajiye madugunsa Jalen Milroe a benci a wasan da ya biyo baya, ya gwada wasu biyu da South Florida, aka sha wuya kafin a ci 17 da 3. Ganin haka ya mayar da Milroe, kuma mai tsara hare-haren ƙungiyar, Tommy Rees, ya daina neman yaron ya zama abin da ba shi ba. Aka gina wasan a kan abubuwa biyu da ya iya: gudu da jifa mai nisa.

Tun daga nan Alabama ba ta sake faɗuwa ba, ko da yake sau da yawa da ƙyar take sha. Ta ci Texas A&M da 26 da 20, ta ci Arkansas da 24 da 21. Tennessee na gabanta da 20 da 7 a hutun rabin lokaci, ta dawo ta ci 34 da 20. Da LSU, Milroe ya kai ƙwallo zango sau huɗu da ƙafarsa. Ranar 25 ga Nuwamba a gidan Auburn, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Alabama na baya, tana kan damarta ta huɗu kuma ta ƙarshe, tsakaninta da zango yadi 31. Milroe ya tsaya ya jira, ya jefa ƙwallo kusurwar hagu, Isaiah Bond ya cafke. Aka tashi 27 da 24. Mako ɗaya bayan haka, ranar 2 ga Disamba, ta doke Jojiya da 27 da 24 a wasan kofin rukunin SEC. Jojiya ce mai riƙe da kofin ƙasa shekaru biyu a jere, kuma ta yi wasa 29 ba a doke ta ba kafin wannan rana.

Kashegari kwamitin mutum 13 da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu ya ɗaga Alabama daga ta takwas zuwa ta huɗu, ya bar Florida State a waje, alhali ta ci wasanninta 13 duka ta kuma ɗauki kofin rukuninta. Hakan bai taɓa faruwa da zakaran ɗaya daga cikin manyan rukunai biyar ba tun da aka fara wannan tsari a 2014. Hujjar kwamitin ita ce madugun Florida State, Jordan Travis, ya karye a ƙafa a watan Nuwamba, kuma ƙungiyar ba ta zama kamar da ba. Ran mutanen Filorida ya ɓaci, har gwamnan jihar Ron DeSantis ya nemi a ware dala miliyan 1 ko da za a je kotu. In Alabama ta sha kashi mai yawa a Pasadena, kwamitin ne zai fara jin kunya.

Idan ƙwallo na hannun Mishigan

Mishigan ba ta gaggawa. Tana son ta riƙe ƙwallo, ta riƙa cin yadi huɗu, yadi biyar, har abokan hamayya su gaji. Babban makaminta shi ne Blake Corum, gajere mai ƙarfin cinya, wanda ya ji ciwo a gwiwa a ƙarshen kakar bara, ya fasa tafiya gasar ƙwararru ya dawo. Bana ya ci yadi 1,028 da gudu, ya kai ƙwallo zango sau 24. In tafiya ta kai bakin zango, da wuya a hana shi shiga. A wasan Penn State, da aka ga masu farautar madugu suna fasa katanga ta gefen dama, sai Mishigan ta jingine jifa, ta yi gudu sau 32 a jere har aka tashi.

Tambayar ita ce ko Alabama za ta bari a yi mata haka. Amsar na da fuska biyu. Auburn, wadda ba ta da wani ƙarfi bana, ta ci fiye da yadi 200 da gudu a kanta, amma da dabarun ruɗarwa da madugu mai gudu. Jojiya kuwa, wadda salonta ya fi kama da na Mishigan, wato ƙarfi da ƙarfi ta tsakiya, ko yadi 100 ba ta samu ba. Ga shi kuma Mishigan ta rasa gwarzon katangarta, Zak Zinter, wanda ya karye a ƙafa a wasan Ohio State. An mayar da Karsen Barnhart gurbinsa, aka sa Trente Jones a gefen dama. A wasan Iowa, na farko da aka yi da wannan sabon tsari, Mishigan ba ta ci fiye da yadi 200 da ƴan kai ba gaba ɗaya, kuma sau huɗu tana komawa ga bugun maki 3.

Wannan gefen dama shi Alabama za ta sa wa ido. Tana da masu farautar madugu biyu, Dallas Turner da Chris Braswell, waɗanda suka fi na Penn State yawan kayar da madugai bana. In Mishigan ta kasa cin yadi a dama ta farko da ta biyu, ta zo ta uku da sauran yadi takwas ko goma, to waɗannan biyu sun samu abin da suke so.

Daga nan nauyi ya koma kan J.J. McCarthy. Madugu ne mai saiti, kusan kashi uku cikin huɗu na jifansa suna isa hannu. Ya yi jifa 19 da suka kai zango, sau 4 kawai aka ƙwace masa a sama, uku daga ciki a wasa ɗaya. Amma a wasanni biyar na ƙarshe jifa ɗaya tak ya kai zango, kuma ya yi fama da ciwon ƙafa a Nuwamba. A bara da TCU, jifansa biyu aka ƙwace aka ruga da su har zango, wato maki 12 a wasan da aka faɗi da tazarar 6. Masu tsaron bayan Alabama, Kool-Aid McKinstry da Terrion Arnold, suna cikin waɗanda ake sa ran ƙungiyoyin ƙwararru za su ɗauka da wuri, ga kuma Caleb Downs, ɗan shekarar farko da ya fi kowa tare mutum a ƙungiyar. Da wuya Roman Wilson ya riƙa kuɓuce musu ta gefe. Inda Mishigan ke da sarari shi ne tsakiyar fili, ta hannun dogon nan Colston Loveland da Donovan Edwards, in aka haɗa su da masu tsaron tsakiya da ba su kai su sauri ba. Hutun wata guda ya kamata ya warkar da ƙafar McCarthy, kuma in zai iya gudu sau biyar ko shida, lissafin Alabama zai canza.

Idan ƙwallo na hannun Alabama

A nan ne ƙarfin Mishigan na gaskiya yake. Maki 123 kawai aka ci ta a wasa 13, wato tara da rabi a kowane wasa, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta a duk ƙasar. Ba ta dogara da tauraro ɗaya ba. A tsakiya tana da Mason Graham, Kris Jenkins da Kenneth Grant, tana canza su a kai a kai don kada su gaji. A bayansu akwai Junior Colson da Michael Barrett. A can baya akwai Will Johnson da kyaftin Mike Sainristil, wanda ya ƙwace ƙwallo biyar a sama bana. Mai tsara tsaron, Jesse Minter, ya ƙware wajen nuna wa madugu abu ɗaya kafin a fara, da an fara ya ga wani daban.

Katangar Alabama na cikin mafi nauyi a gasar. JC Latham, Tyler Booker da Kadyn Proctor kowannensu ya haura kilo 150. Amma nauyi bai hana a kayar da madugansu fiye da sau 40 bana ba, adadin da ba a saba gani a ƙungiyar Saban ba. Laifin kashi uku ne. Proctor ɗan shekarar farko ne da aka ɗora a gefen hagu, ya sha wahala a farkon kaka kafin ya fara gane hanya. Mai miƙa ƙwallo daga tsakiya ya sha aika shi ƙasa ko gefe. Shi kansa Milroe yakan riƙe ƙwallo ya daɗe yana jiran jifa mai nisa, maimakon ya sallama wa na kusa.

To amma wannan jira shi ne kuma abin tsoro a gare shi. Milroe ya yi jifa 23 da suka kai zango, ya kai 12 da ƙafarsa. Nauyinsa ya kai kilo 100, kuma in ya samu fili ya fi yawancin masu binsa gudu. Mishigan ba ta haɗu da irinsa ba a rukunin Big Ten, inda madugai da yawa ba sa motsi. Mafi kusa shi ne Taulia Tagovailoa na Maryland, kuma a ranar ne aka fara cin Mishigan maki 24. Marvin Harrison na Ohio State ma ya ci fiye da yadi 100 a kanta, abin da ya nuna ana iya wuce ta ta sama in akwai gwani. Alabama na da Jermaine Burton da Isaiah Bond don wannan aiki.

Saboda haka Minter na tsaka mai wuya. In ya tura mutane da yawa su farauci Milroe, wanda ya kuskure ya bar masa hanya, kuma bayan fili ya zama wayam. In ya ja baya ya ba shi lokaci, kamar yadda Auburn ta yi a damar nan ta yadi 31, to ya ga sakamakon. Hanyar da ta fi dacewa da mutanen da yake da su ita ce ƙartin tsakiya su turo katanga cikin fuskar madugun, na gefe su tsare ƙofa kada ya fita, a kuma sa mutum ɗaya ya zama inuwarsa. In Mishigan ta tilasta wa Milroe ya riƙa gajerun jifa goma sha biyu a jere kafin ya kai zango, ta samu abin da take so, don a nan ne ya fi yin kuskure. In kuwa Alabama ta samu manyan tsalle uku ko huɗu na yadi 30 zuwa 40, Mishigan ba ta da irin harin da zai rama da sauri.

In wasa ya zo ga bugun ƙafa, Alabama na da Will Reichard, wanda a wasan Jojiya ya zama ɗan wasan da ya fi kowa tara maki a tarihin babban rukunin jami'o'i. Mishigan kuma na cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin laifi da zubar da ƙwallo, ba ta cika ba abokin hamayya kyauta ba.

Saban, Harbaugh da wata guda na shiri

A ƙarshen 2023 Nick Saban na da shekara 72 da kofin ƙasa bakwai, ɗaya da LSU a 2003, shida da Alabama a 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Babu kocin da ya kai shi a tarihin babbar gasar. Wannan ne karo na takwas da Alabama ke shiga huɗun ƙarshe cikin shekaru goma. Kafin wannan wasa, a wasan kusa da na ƙarshe sau ɗaya aka doke shi, Ohio State ce a Janairun 2015. Daga nan ya ci shida a jere, kuma babu wanda tazararsa ta gaza maki 11. An san shi da cewa in aka ba shi makonni ya nazarci abokin hamayya, yakan toshe abin da ƙungiyar ta fi iyawa, ya bar ta da abin da ba ta so. Ya san Mishigan tun lokacin da yake horar da maƙwabciyarta Michigan State, daga 1995 zuwa 1999.

Harbaugh, wanda ya cika shekara 60 ranar 23 ga Disamba, akasin haka tarihinsa ya nuna: ƙungiyoyinsa kan dawo daga dogon hutu da sanyin jiki. Karo na ƙarshe da ya haɗu da Saban kafin wannan wasa, ranar 1 ga Janairun 2020, Alabama ta ci 35 da 16. Kafin wannan wasa, jami'o'in biyu sun kara sau biyar a tarihi, Alabama ta ci uku. Nasarar Mishigan ta ƙarshe a cikinsu ita ce ta 1 ga Janairun 2000, da 35 da 34 bayan ƙarin lokaci, ranar da Tom Brady ya buga mata wasansa na ƙarshe.

Bambancin bana shi ne shekaru. Mishigan cike take da ƴan wasan da suka yi shekara huɗu ko biyar tare, waɗanda suka ɗanɗani faɗuwar 2021 da ta 2022, da yawansu kuma sun jinkirta tafiya neman kuɗi don wannan dama. Alabama ta fi ta yawan yaran da aka yi rububinsu tun daga sakandare, amma da yawa a muhimman gurabe sababbi ne. Kuma a ƙarshen 2023 ba a san ko Harbaugh zai ga wata kakar a An Arbo ba. Shekaru biyu a jere yana tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwararru, ga kuma hukuncin da ke iya biyo bayan bincike.

Ƙarshen wani zamani

Wannan ne karo na ƙarshe da ƙungiyoyi huɗu kawai za su nemi kofi. Daga kakar 2024 za su zama 12, don haka irin rigimar Florida State ba za ta sake zuwa da wannan siffa ba. Rukunai ma na sauyawa. Teksas da Oklahoma za su koma SEC, yayin da USC, UCLA, Oregon da Washinton za su koma Big Ten. Rukunin Pac-12, wanda zakaransa ya saba haɗuwa da na Big Ten a Rose Bowl tun bayan yaƙin duniya na biyu, ya watse. Kuɗin talabijin ne ya jawo haka: kwangilar Big Ten kaɗai ta kai kimanin dala miliyar 7 cikin shekaru bakwai. A 2023 albashin Saban ya haura dala miliyan 11 a shekara, fiye da sefa miliyar 6. Su kuwa ɗaliban da ke karya ƙafafu a fili, sai a Yulin 2021 aka ba su izinin samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma Harbaugh na cikin kocin da suka fito fili suka ce a raba kuɗin talabijin da su. Rukunan biyu da za su mamaye sabon zamanin su ne ke fuskantar juna ranar Litinin.

Masu hasashe a Amurka sun ba Mishigan rinjayen da bai wuce maki biyu ba, kuma akwai dalili. Tsaronta ya fi daidaito, ba ta yawan kuskure, kuma raunin Alabama mafi girma, wato kare madugu, ya faɗo daidai inda Mishigan ta fi ƙarfi. Amma Alabama ce ke da ɗan wasan da zai iya juya wasa shi kaɗai, ita ce kuma ta doke ƙungiya mafi ƙarfi da ɗayansu ya haɗu da ita bana. Ba a sa ran maki da yawa. Wadda ta kai 27 tana iya wucewa.

Mai kallo ya lura da abu biyu a rubu'in farko. Na ɗaya, yadi nawa Corum ke ci a dama ta farko: in huɗu ne ko biyar, wasan na tafiya yadda Mishigan ke so. Na biyu, sau nawa ƙartin Mishigan ke isa jikin Milroe ba tare da an ƙara musu mutum ba. In Alabama ta riga ta yi gaba da maki 10, Mishigan za ta shiga halin da ba ta shiga ba ko sau ɗaya bana, wato bin baya da jifa. In kuwa aka shiga rubu'in ƙarshe kunnen doki, ƙungiyar da ta fi tsufa da yawan ƙartin canji ce ke da ɗan rinjaye, kuma Mishigan ce wannan.